Kafin Tsagar Ta Rufe

Ƙaurin babbakar kan rago ne ke fara zuwar mini duk sanda na tuna bazarar nan. Ƙauri ne mai kama maƙogwaro, na gashi da kitse a kan garwashi, ya cika tsakar gidanmu da ke gefen garin Gadarif har ya shiga tsakanin shafukan littattafaina. Ranar ce Baba ya dawo daga kambo, wato bukkokin ma'aikata da ke bakin babbar gonar da yake wa aiki ta wajen Hawata. Direban tarakta ne, wadda mu a nan muke kira babur. In ya daɗe a daji ba ya shigowa gida hannu rabbana, sai ya biya ta mahauta ya sayo kai da ƙafa. Wannan shi ne kan rago na ƙarshe da ya ci tare da mu.

Inna tana da tsohon ciki a lokacin, ƙauri na tayar mata da zuciya, don haka aikin ya faɗa kaina ni da Kaka, mahaifiyar Baba. Ni ke riƙe ƙahon, ita ke kankare baƙin da wuƙa. Da ta gama sai ta ɗora kan a bisa kifaffen turmi, ta ɗauki ɗan gatarinta ta sara tsakiya. Ƙoƙon ya dare biyu. Na sha cin ƙwaƙwalwar rago a miya, amma ban taɓa tsayawa na dube ta ɗanya ba sai ranar. Tana kwance a mazauninta, fara-fara mai jijiyoyin jini sirara, da wani tantani mai sheƙi a lulluɓe da ita. Ba sumul take ba. Duk bayanta tudu ne da kwari, sun lanƙwashe sun shige juna, kamar an ɗauki doguwar igiya mai laushi an cusa ta cikin ƙaramin ƙoƙo.

"Ke ƙawata, kallo za ki ci ko nama?" in ji Kaka. "Miƙo tasa."

Na miƙa, amma idona bai bar wurin ba. Gab da a ba mu dogon hutu, malamarmu ta kimiyya ta shigo aji da ƙwaƙwalwar mutum ta roba. Ta ajiye ta a kan tebur, ta ware gefen mayafinta, ta dunƙule shi ta tura cikin kwalin alli har ya shige duka. Ta ce haka aka yi mana: an ba mu shimfiɗa mai faɗi, aka ba mu ƙaramin ɗaki, sai aka ninke shimfiɗar don ta shiga. Ta ce abin da ido ke gani a sama shi ne kaɗan, mafi yawa yana ɓoye a cikin kwaruruwan. Ta bi da yatsa ta nuna mana babban kwarin da ya raba ta gida biyu, hagu da dama, da wani da ya gangaro daga tsakar kai ya nufi kunne, da wani mai zurfi da ya kwanta a gefe. Waɗannan manyan kowa yana da su, amma ƙananan sun bambanta daga mutum zuwa mutum kamar zanen tafin hannu. Ƙararrawa ta buga. Ta ce in mun dawo hutu za mu ga aikin da kowane tudu yake yi.

Tun daga ranar nake ɗauke da abin a raina. In na ga mutum ya yi shiru, sai in riƙa tunanin a wane kwari ya ajiye fuskar uwarsa, a wane tudu ya ajiye Fatiha. Duk na zayyana musu wannan a tsakar gida, da hannuna duk baƙin babbaka. Baba yana kishingiɗe a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, yana saurare da murmushi. Tun da na shiga sakandare ya daina kiran sunana, sai Ustaza.

"To Ustaza," ya ce, "in haka tawa take, ai huɗar sabon direba ce. Ba layi ɗaya miƙaƙƙe."

Na ce ai ta mutum ta fi ta rago yawan ninki da zurfi, shi ya sa muka fi shi wayo.

Kaka ta kwankwatsa ƙoƙon a gefen tasa, ƙwaƙwalwar ta zame ta faɗa ciki. Ta ce, "Shi ma yana da nasa ninkin. Bai hana wuƙa ba."

Bayan an ci an wanke hannu, Inna ta kawo jabana, tukunyar gahawarmu ta yumɓu, Baba ya shiga ba da labarin kambo. Suna gyaran disik ne, jerin faya-fayan ƙarfen nan da babur ke ja yana huɗa da shuka. Wata sandar ƙarfe mai sifirin ta kuɓuce ta make shi a saman kunnen hagu. Ya ce sai da ya ga wuta, ya zauna daɓas, notin da ke hannunsa ya gangara ya faɗa cikin tsagar ƙasa. Ya tashi yana dariya. Da yake babu irin notin nan kusa sai a kasuwar Gadarif, sai ya kwanta rubda ciki ya zura hannun dama cikin tsagar har kafaɗa, ya lalubo shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane me ya sa tsakar gidan ta yi tsit ba. Baƙar laka ce. Da rani takan bushe ta tsattsage, tsaga mai zurfin da ba a ganin ƙarshenta. Tun muna rarrafe ake gargaɗinmu: ba a zuba ruwan zafi a ciki, ba a leƙawa da magariba, ba a sa hannu. Akwai maciji, akwai kunama, akwai kuma waɗanda ba a ambaton sunansu, sai dai a ce masu ƙasa.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ni ta duba.

"Tambayi mai babur, ya yi bisimilla?"

"Na yi, Hajiya."

"Tambaye shi, kafin ya sa hannun ko bayan ya fitar?"

Baba ya yi dariya har gahawa ta kusa sarƙe shi. Kaka ba ta yi ba.

"Me hannun ya ji a ciki?"

"Sanyi kawai. Kamar cikin randa."

Ta tattara zanenta ta shige ɗaki. Shi kuwa bugun, ya ɗaga hula ya nuna wa Inna, ɗan kumburi ne kamar ƙwan tantabara. Ta gasa masa da tsumma mai ɗumi, ta shafa man riɗi. Cikin 'yan kwanaki ya saɓe, gashi ya rufe wurin, ba wanda ya sake tuna shi.

Makonni suka shige. Zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa. Baba yana jiran a kira shi shuka, domin da ruwan fari ya sauka babur ba ya tsayawa, kuma wanda ke kansa a ranar shi ke da aikin damina duka. Ya fara kukan ciwon kai, muka ce rana ce. Sai wata safiya finjalin gahawa ya sulale daga yatsunsa ya fashe. Ya dubi hannun kamar na baƙo. Bayan haka loma ta fara faɗuwa tsakanin akushi da baki. Inna ta ce ya ci da hagu mana, lalura ce, ya ce shi bai kai nan ba, ya ture akushin. In maƙwabta sun zo gaisuwa sai in ga yana tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun kafin ya miƙa. Takalminsa na dama ya fara barin dogon layi a ƙasar tsakar gida. Ni ke shara, ni na fara ganin layin.

Aka kira wanzami. Abokin wasan Baba ne tun suna yara, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya shimfiɗa zabirarsa a ƙarƙashin rumfa, ya ce bari ya fara da aski tukuna don kan ya sha iska. Da askar ta kai saman kunnen hagu sai ya tsaya.

"Kai, wa ya yi maka wannan? Uwargida ce da muciya?"

"Ƙarfe ne," in ji Baba.

"Allah sarki ƙarfe. Ina fatan an ɗaure masa karayar." Ya danna wurin da babban yatsa. "Ya warke sarai. Kawo hannun."

Ya kafa ƙaho a kafaɗar dama da dantse, ya zuƙa, ya jira, ya ɓamɓare. Ya juye abin da ya fito a kasko ya nuna wa Kaka: baƙin jini, guda-guda. Ya ce mataccen jini ne, ga shi nan ya fito. Ina tsaye da butar ruwa, idona a kan ɗan tabon nan da aski ya tone, sai na ji bakina ya ce, "Ko dai bugun nan ne, Baba?"

Wanzami ya ɗago. "Ustaza, bugu a hagu, ciwo a dama? In kika maki jaki a ƙafar hagu, da ta dama yake ɗingishi? Wannan karatun naku, a mayar wa Malam littafinsa."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na tuna babban kwarin da malama ta nuna mana, wanda ya raba ƙwaƙwalwa gida biyu, sai na ga ai karatun ma yana bayan wanzami. Ƙasa biyu ne da kogi a tsakani. Me zai kai abin da ya faru a wannan gaɓa zuwa waccan?

Ƙaho bai yi ba. Inna ta matsa aka je shafakana, ɗan asibitin unguwa. Hakim, wato jami'in lafiyar wurin, ya murza yatsun, ya lanƙwasa gwiwar hannun, ya tambaya ko Baba ya faɗi a kan hannun. Baba ya ce a'a, gaskiya kuma ya faɗa. Hakim ya ce mai yiwuwa sanyin ƙashi ne, ya yi allura, ya ce in bai sauƙaƙa ba a wuce da shi babban asibiti a Madani. Hula tana kan Baba. Hannu muka kai, hannu aka duba.

Daga nan sai magana ta fara guje masa. Ba murya ba, kalmomin. Zai buɗe baki ya nemi buta, sai ya ce rijiya, ya girgiza kai, ya sake cewa rijiya, ransa ya ɓaci. Wata rana ya dube ni zai kira ni, ya ce, "Ke... ke..." ya tsaya. Na jira Ustaza, ba ta zo ba. Barci kuma ya yi masa yawa. Mutumin da ladan ke tarar da shi a ƙofar masallaci, sai ga shi la'asar tana wucewa yana kwance, Inna na girgiza shi yana buɗe ido da ƙyar kamar wanda ake jawowa daga ƙasan ruwa. In ya farka sai ya ɗauki sifana ya riƙa ƙoƙarin damƙe ta, tana faɗuwa, yana ɗauka da hagu yana mayar wa dama. Mai gonar ya aiko a tambaya ko direbansa zai iya, in ba zai iya ba a faɗa masa da wuri. Gabas, ta wajen Habasha, gajimare ya fara taruwa kowace yamma, ya yi baƙi, ya watse. Shamuwa ta iso.

Ranar da aka ga shamuwa a kan bishiyar masallaci, Kaka ta fito da maganar da ta daɗe tana riƙe da ita. Muna zaune muna tsince dawa. Ta ce abin da aka taɓa a cikin ƙasa shi ya riƙe hannun, yanzu kuma ya hau harshe. Sai an koma an ba shi haƙuri, a zuba masa nono da rubutu a tsagar da aka shiga masa gida. In kuwa ruwa ya sauka ƙasa ta haɗe bakinta, shi ke nan, an rufe da hannun a ciki sai baɗi, in ana da rai.

Inna ba ta saba musu da surukarta ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ni dai da Madanin aka fara. Hakim ya ce Madani."

"Madani tana nan, 'yar nan. Da damina tana nan, da kaka tana nan. Asibiti ba ya rufe baki. Ƙasa ce ke rufewa."

"In ruwa ya tare ku a can fa?"

"Yau mu je, gobe mu dawo, jibi ku tafi Madaninku. Na hana?"

Suka dubi Baba. Yana zaune da sifana a cinya. Ban san nawa ya fahimta ba, amma ya ji an ambaci kambo. Ya ɗaga kai ya ce, "Babur." Wannan kalmar ba ta taɓa guje masa ba. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana haɗa masa kaya.

Ita ba ta iya hawa mota da cikin nan, don haka ni na bi su. Liman ya ba da rubutu a kwalba, ya ce ayoyin neman tsari ne, a sha a shafa, bai tambayi inda za a kai sauran ba. Aka cika ƙwarya da nono aka ɗaure bakinta da tsumma, na rungume ta a ƙirji. Muka hau lorin da ke kai iri da gangunan man babur zuwa gonar.

Da muka bar gari sai duniya ta baje. Ba tudu, ba bishiya sai jefi-jefi, baƙar ƙasa kawai har inda ta haɗu da sama, duk a tsattsage. Daga saman lori na riƙa kallonta, sai na ga kamar an buɗe ƙoƙon kan wani ƙato muna tafiya a kan abin da ke ciki. Na so in faɗa wa Baba, shi ne mai dariyar irin wannan magana tawa. Na juya na same shi ya jingina kai da ganga, duk sanda lori ya faɗa rami sai ya runtse ido ya cije leɓe. Kaka ta juya masa baya kamar yadda ta saba, amma na ga hannunta a bayan zane yana riƙe da gefen rigarsa.

Mun isa da azahar. Mai gadin kambo, wani dattijo mai farin gemu, ya tarbe mu da ruwa. Ya dubi Baba ya gaishe shi da Larabci yadda ake gaida direba, "Salamtak, usta, sannu," sai ya kau da kai da sauri. Ya kai mu inda aka yi gyaran. Amma tuni an ja disik ɗin zuwa wani wuri, filin kuma tsaga ce a kan tsaga, kowace kamar 'yar uwarta. Dattijon ya ce ta nan ne, ko kuma ɗan gaba kaɗan. Kaka ta ce in tambayi mai babur. Baba ya ja ƙafa ya zagaya, ya nuna wata da hannun hagu, ya matsa, ya nuna wata, ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

"To duk a ba su," in ji Kaka.

Ta karɓi ƙwaryar, ta tsiyaya rubutu a ciki, ta bi tsagogin tana zuba wa kowace kaɗan, tana magana ƙasa-ƙasa da tsohuwar Hausar da ta zo da ita a bakin iyayenta, tana cewa yaro ne, bai sani ba, a yi haƙuri a sake shi. Nonon yana gangarawa cikin duhu ba ko ƙara. Na durƙusa na kasa kunne a bakin ɗaya. Iska mai sanyi ce kawai ke fitowa, mai ƙamshin randa.

Babur yana tsaye a gefen bukkoki, an wanke shi, an ɗaura masa disik. Wani direba da aka ɗauko daga garin Shawak yana zaune a inuwarsa. Da ya ga Baba ya nufo sai ya miƙe ya matsa gefe. Baba ya dafa mudugadi da hannun hagu, ya ɗaga ƙafar dama zai taka matakala, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Ya tsaya haka da goshinsa a jikin ƙarfen har mai gadi ya zo ya kama shi.

A lokacin ne iska ta juya. Ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, ƙamshin da duk shekara nake fita tsakar gida in shaƙa. Direban lori ya dubi gabas ya ce, "Hajiya, in wannan ya sauka, mun zauna." Ana cikin sauke ganguna ruwan ya sauka.

Ban taɓa ganin ruwan fari a fili irin wannan ba. Da farko ƙasa ta riƙa shanye shi, tsagogin suna haɗiya ana jin gurgurarsu. Aka wuni ana yi, aka kwana ana yi. Da gari ya waye na leƙa daga bakin bukka, ban gane wurin ba. Laka ta kumbura, tsagogin duk sun haɗe, filin ya zama sumul yana sheƙi, ba layi ko ɗaya. Lori ya nutse har cikinsa. Mai gadi ya ce ko babur ba ya motsi a wannan taɓo sai ƙasa ta sha iska.

Kaka ta yi hamdala. Ta ce mun riga ruwa, an karɓa kafin a rufe. Ta dama kunu ta ce in kai wa mai babur.

Bai tashi ba. Yana kwance a tabarma yana wani irin minshari mai nauyi, mai tsayawa ya dawo. Na kira shi, na girgiza kafaɗarsa. Na ɗaga fatar idonsa, ban san dalili ba. Baƙin idon dama ƙarami ne kamar kullum. Na hagu ya buɗe ya yi faɗi, kamar bakin rijiya. Na fita na kira Kaka.

Ta shigo ta tsaya a kansa. Ta daɗe a tsaye. Sai ta zauna a tabarmar, ta ɗaga kansa ta ɗora a cinyarta, ta cire masa hula. Tunda nake ban taɓa ganin ta taɓa shi ba. Ta riƙa shafa kan, tafinta yana kai da komowa a saman kunnen hagu, inda gashi ya fara tsirowa bayan aski. Sai ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har na waiga in ga wa ya shigo. Ta kira shi a hankali, yadda ake tashin yaro don kada ya firgita. Ta sake kira. A waje ma'aikata suna ta tura lori suna kabbara, tayoyin suna juyawa a wuri ɗaya.

Kafin la'asar minsharin ya tsaya, bai dawo ba.

A can aka binne shi, a ɗan tudun da ke bayan bukkoki, don ba hanyar kawo shi gida. Ma'aikatan suka haƙa da ƙyar, laka tana manne wa shebur. Mutumin Shawak ne ya ja sallar. Da ƙasa ta ɗan bushe, shi ne kuma ya ja lorinmu da babur har bakin hanya. Kaka ba ta sake cewa komai game da masu ƙasa ba har ta bar duniya, kuma Inna ba ta taɓa ambaton Madani a gabanta ba.

Na koma makaranta a makare, bayan zaman makoki da haihuwar Inna. An riga an wuce darasin ƙwaƙwalwa. Ta robar tana cikin kabad a ofishin malamai, nakan hango ta ta gilashi in kau da kai. Da aka zo rabon fanni na zaɓi adabi.

Shekaru bayan haka, ina koyarwa a Khartum, aka kawo mijin gwaggona daga gida. Ya faɗo daga amalanke a lokacin kaka, ya tashi ya kakkaɓe riga, sai can daga baya ƙafarsa ta hagu ta fara ja. Ni na raka su asibiti don ni ce na san gari. Aka sa kansa a na'urar ɗaukar hoto. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaga hoton a gaban fitila, ta ga ina kallo sai ta matso da shi. Ta ce in dubi wannan gefen: ga kwaruruwan nan, baƙaƙen layuka kamar rassan kogi. In dubi ɗaya gefen. Babu su. Sumul.

Ta ce wani lokaci bugu kan tsinka 'yar siririyar jijiya tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Waje ya warke, mutum ya manta, jini kuwa yana ta tsatsafowa a ciki, yana taruwa, yana danna tudun nan har kwaruruwan su haɗe baki. Ta ce za su huda ƙoƙon, 'yar huda kamar bakin kwalba, su tsiyaye shi. Haka aka yi. Ba a jima ba mijin gwaggona ya koma Gadarif da ƙafarsa.

Amma a ranar, a gaban fitilar, abin da na tambaye ta ɗaya ne. Na ce jinin a dama yake, ƙafar kuma ta hagu ce. Ta ce ƙwarai. Ta ɗora yatsa a tsakar kanta ta gangaro da shi zuwa kunne, daidai yadda malamarmu ta yi. Ta ce tudun da ke gaban wannan kwarin shi ke motsa jiki, amma jijiyoyinsa suna tsallakawa a can ƙasa wajen ƙeya, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. A mafi yawan mutane kuma, ninkin da ke haɗa kalmomi yana nan kusa, a gefen hagu. Hannun dama, in ji ta, daga saman kunnen hagu ake tuƙa shi.